Turmin Hansai a Rediyo

Saura kaɗan Shafa'atu ta fasa rubuta wasiƙar. Sau biyu tana cire falle daga tsakiyar tsohon littafinta na aji huɗu ta cika shi da rubutu, sau biyun kuma tana cusa shi a murhu kafin mijinta ya dawo. Hannunta ya manta biro tun da ta bar makaranta, layukanta sai su riƙa gangarawa kamar za su zubo daga takardar. Amma ba wannan ne ya fi damunta ba. Abin da take son rubutawa ba nata ba ne ita kaɗai.

A Safana take aure. Mijinta Uzairu mai gyaran rediyo ne, yana da ɗan teburi a bakin tasha ƙarƙashin wata dalbejiya. Shekarun nan ne da komai ya yi wuya, waɗanda ma'aikata ke kira ostariti. Sabulu ya koma abin da ake yankawa gida huɗu a ɓoye uku. Batir kuwa sai a shanya shi a kan rufin kwano ya sha rana, wai ko ya ƙara kwana biyu. Duk da haka, ranar Alhamis bayan la'asar babu rediyon da ke yin shiru a garin, domin ranar ce ake sa Zauren Jinjiri.

Wasan barkwanci ne na mako-mako. A birni har a talabijin ake nuna shi, mutanen karkara kuwa sai dai su ji. Jinjiri wani tsoho ne mai kwaɗayi wanda ba shi da sana'a sai kasa kunne. Duk gidan da ya ji ana daka, sai ya auna lokacin da tuwo zai sauka, ya wanke hannu tun daga gidansa, ya je ya rafka sallama. Kowane mako masu gida su shirya masa sabon tarko, kowane mako ya faɗa, ya fito da yunwarsa yana cewa shi dama azumi yake yi. Waɗanda su kansu ba su da tabbacin tuwon dare su suka fi kowa ƙyaƙyata masa dariya.

Kafin a fara wasan akwai waƙa. Babu kalangu a cikinta, babu garaya. Taɓarya ce kawai ke sauka a turmi, da tafi a tsakani, irin na macen da ke cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe, sai wata siririyar murya:

Turmi na yi, taɓarya na yi,
Mai wucewa, wuce da sauri.
Yara ku je ku yi wasa tukuna,
Tuwo sai an kira ku.

Kowa ya ɗauka da irin su Jinjiri ake. A Safana ma ta zama abin tsokana. Baƙo ya shigo ana cin abinci, sai wani ya ja "wuce da sauri" ƙasa-ƙasa, a kwashe da dariya har da baƙon.

Muryar mahaifiyar Shafa'atu ce. Hansai sunanta, ta rasu a Darini, can ƙasar Batsari, shekara guda kafin a fara wasan. Ranar da Shafa'atu ta fara jin waƙar tana amarya, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ajiye rariya ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da aka kira magariba. Ta yi wata guda kafin ta iya faɗa wa Uzairu. Yadda muryar ta kai gidan rediyo bai ɗaure mata kai ba. A shekarar fari, wani malamin makaranta da aka turo Darini, Malam Badamasi, ya zauna a gidan da ke manne da nasu. Yana da rikoda mai kaset, kuma yakan ɗora ta a kan katanga in ya ji abin da ya burge shi.

Shekara uku ana tafiya a haka. Sai wata Alhamis, bayan Jinjiri ya gama shan wahalarsa, mai gabatarwa ya ce wasan zai cika shekara uku bayan Babbar Salla. Ya ce kaset ɗin waƙar wani malami ne ya ba su, Allah ya yi masa rasuwa, kuma babu abin da aka rubuta a jikinsa sai "Darini". Duk wanda ya san mai waƙar da dalilin yin ta, ya rubuto, za a karanta.

Mako na gaba aka karanta wasiƙar wani mutum daga birni. Ya ce shi ya san asalinta sarai: waƙar matan gidajen wadata ce, inda ake daka tun safe har yamma, suna yin ta ne don korar 'yan kwaɗayi daga ƙofar gida. Mai gabatarwa ya ce lalle wannan bayani ya zauna.

Uzairu yana kishingiɗe a tabarma, da cikin wani rediyo a buɗe a gabansa. Ya ɗago kai.

"Kin ji ko, Shafa? Ashe 'yar gidan wadata na auro ban sani ba. Ina rabona?"

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Ke kina nan zaune, wani ƙato can ya ari bakin Inna yana ci mata albasa da... yana dai faɗin abin da ya ga dama. Ki rubuta mana. Ko ni in rubuta?"

"A'a."

"To mi ne ne a ciki? Suna ne fa kawai."

"Sun ce da dalili."

"Sai ki faɗi dalilin."

Ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar inda ta riga ta share. Uzairu ya bi ta da kallo, ya koma kan rediyonsa. Ya san in ta ɗauki tsintsiya magana ta ƙare.

Dalilin kuwa ta san shi, don a gabanta aka yi. Tana da shekara goma sha biyu a lokacin. Damina ta ɗauke da wuri, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, rumbun babanta Malam Salisu ya ƙare tun kafin zafin bazara ya kankama. Kullum da asuba sai ya kama hanyar Batsari neman aikin ƙarfi, kwaɓar ƙasa ko dakon kaya, ya dawo da yamma, wata rana da ɗan ƙulli a aljihu, wata rana hannu biyu. A Darini kuwa bayan azahar ake dakan tuwon dare, kuma katangun gajeru ne. Gidan da aka ji shiru an san abin da ke ciki. Saboda haka Hansai takan share tsakar gida, ta kafa turmi, ta ɗauki taɓarya ta yi ta daka babu ko ƙwaya a ciki. Tana cillawa tana tafawa, tana wannan waƙa. Ran da Shafa'atu ta leƙa turmin, uwar ba ta tsaya ba. Ta dai ce, "Abin da idonki ya gani, ya tsaya a idonki."

Ya tsaya ɗin, shekara bakwai.

Malam Salisu yana nan da ransa. Ba shi da shanu, ba shi da keke, amma yana da magana guda da yake ji da ita. Duk lokacin da hira ta biyo ta kan shekarar fari a dandali, sai ya gyara zama ya ce, "Ni dai gidana ko rana ɗaya ba a fasa daka ba. A tambayi kowa." Ba a taɓa musa masa ba. Da wannan maganar ake kallonsa a matsayin mutum mai riƙon gida, da ita ake kiransa shaidar aure da sulhun iyakar gona. Kuma a wannan dandalin ne ake ajiye rediyo a kan kututture duk Alhamis, dattawa su kewaye shi. In aka karanta wasiƙarta, a nan za ta same shi, a gaban kowa.

Ta rubuta wasiƙa ta uku. Wannan ba ta ƙona ba. Ta ninke ta ta ɗaure a bakin zane, ta ce wa Uzairu tana so ta je gida ta kwana ɗaya.

"Izini za ki nema wajen Baba?" ya tambaya. "Ke da ko ruwa ba ki iya miƙa masa ba sai kin kalli ƙasa?"

"Gaisuwa za ni."

"Allah ya kai gaisuwa lafiya. In kin suma a zaure, a aiko in zo da babur."

Ta shiga a-kori-kura zuwa Batsari, a tsakanin buhunan gawayi da wata mata mai kaji. Daga nan ta bi ayarin masu komawa ƙauye. Gonaki duk an share an yi tarin taki, ana jiran ruwa, sama kuwa fari fat.

Ba ta shiga gidansu kai tsaye ba. Ta faɗa maƙwabta, wajen Gwaggo Mardiya, aminiyar mahaifiyarta, matar Jafaru. Ta same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗar iri. Aka gaisa, aka tambayi maigida, aka tambayi hanya da zafi da mutanen Safana ɗaya bayan ɗaya, aka koma aka sake tambayar maigida. Shafa'atu ta sha ruwa, ta jawo ƙwarya ta kama ɓara ita ma. Sun kusa cika ƙwaryar kafin ta iya buɗe baki, kuma ko da ta buɗe, gyaɗar take kallo.

"Gwaggo, waƙar nan ta Inna da ake sawa."

"Ina jinki."

"Sun ce a rubuto dalili. Ni kuma... akwai abin da ba wanda ya sani. Turmin nan, lokacin da take yi..."

"Ba kome a ciki," in ji Mardiya, ta jefa ɓawo gefe.

Shafa'atu ta ɗago ido a karon farko.

"Ke 'yar nan, rufe bakin kar ƙuda ya shiga. Tashi ki ɗauko mini taɓarya."

Ta ɗauko. Mardiya ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta jawo turminta, ta kife shi ta kakkaɓe, ta tayar. Ta saki taɓarya a ciki. Ƙwal! Amon ya tashi har tantabaru suka watse daga kan rumbu. Ta ɗebo gero cikin tafi biyu ta zuba, ta sake saki. Dum. Sautin ya nutse a ƙasa bai je ko'ina ba.

"Kin ji? Wace macen ce za ta kasa rabe wanga da wancan? Ko da zazzaɓi nike, daga ƙarshen gari zan gaya miki turmin da ke da hatsi da wanda babu. Maza ne dai kurame. Shi Malam Badamasi, Allah ya jiƙansa, har cewa ya yi wai bai taɓa jin turmi mai daɗin amo irin na Hansai ba, wai ya fi fita a kaset. Na ce a raina, ai dole."

"To Inna ta san kun sani?"

"Ta sani mana. Mu ma mun san ta sani. Ba dai wadda ta buɗe baki." Mardiya ta koma ta zauna. "Ba ki tuna turmina ya tsage a shekaran nan ba? Kullum ina shigo muku da ƙwarya in ce a ara mini naku?"

Shafa'atu ta tuna. Ta tuna har haushi take ji, don ita ake sa wa wanke turmin bayan an gama.

"Ga shi nan, shi ne wanga. Nemo mini tsagar. Wata biyu yana tsage, ran da aka yi sabon gero ya warke da kansa." Ta yi dariya har ta share ido da bakin mayafi. "In na daka nawa a gidanku, sai in kwashe in manta da rabi a gindin turmi. Gobe matar liman ce nata ya tsage. Jibi ta gidan maƙera. In mun ji daka babu waƙa, mun san ranan Salisu ya samo wani abu, kowa ta yi zamanta. In mun ji waƙa, to, wadda ke da juyi ta ɗauki ƙwarya. Ba shirya shi muka yi ba, haka nan ya zo."

"Ni na ɗauka don ta ɓoye take yi."

"Tana ɓoyewa mana. Ga mazan da ke wucewa a hanya, da ku yara. Mu kuwa kiranmu take. Har yau in aka sako ta ran Alhamis, matan garin nan shiru muke sai ta wuce, sannan mu yi dariyar Jinjiri."

Suka ci gaba da ɓara. Can Mardiya ta rage murya, ta dubi ƙofar zaure.

"Amma fa ki ji. Jafaru har gobe ɓeraye yake zagi. Ya ce a shekaran nan sun ci mishi dawa kamar da gayya, har kyanwa ya aro daga garin Zakka. Kar in ji sunana a rediyo, tsufa ya kama ni a gidan ubana." Ta ɓare wata gyaɗar. "Babanki kuma, ni ban san abin da zan ce miki ba. Bawan Allah ya yarda da maganarshi. Ita kaɗai gare shi. In kin ɗauke mishi ita, mi za ki ba shi?"

Shafa'atu ta tashi ta karkaɗe zane, takardar tana nan a ƙulle tana taɓa mata cinya.

Ta sami babanta a zaure bayan la'asar, yana sa wa fartanya sabuwar ƙota. Ya tsufa fiye da yadda ta bar shi da Ƙaramar Salla. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kiran sunan ba.

"Uwata ce da rana haka? Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba."

"Mai rediyo bai koro ki ba?"

"A'a, yana gaishe ku."

"Muna amsawa. Ki ce mishi namu na dandali ya fara shaƙewa, kamar mai mura."

Ya ci gaba da fiƙe ƙotar da 'yar wuƙa. Ita kuma ta zauna a inda take, ba ta shiga ciki ba. Ya dube ta ta gefen ido sau ɗaya, sau biyu. Ta kwance bakin zane, ta fito da takardar, ta riƙe ta da hannu biyu.

"Sammaci ne?"

"Wasiƙa ce. Ta gidan rediyo. Ban aika ba."

Wuƙar ta tsaya. Malam Salisu ajami ya iya, boko kuwa ko harafi. Ya ce, "Karanta in ji."

Ta juya gefe, ta fuskanci bango, ta karanta da muryar da ba ta fi ta sauro ba. Ya ce ta ɗaga murya. Ta sake daga farko.

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa. Mai waƙar da kuke sawa mahaifiyata ce, sunanta Hansai, ta rasu. Ba waƙar gidan wadata ba ce. Ta yi ta a shekarar fari. Turmin da kuke ji babu komai a cikinsa. Tana daka ne don kada a ji gidanmu shiru. Da ta ce mai wucewa ya wuce da sauri, don kada ya tsaya ya gane ne. Da ta ce yara su je wasa, don babu abin da za ta ba mu ne tukuna. Iyakar abin da na sani ke nan. Ku yi haƙuri da rubutuna."

Ta gama. Ba ta juyo ba. A waje wani ya wuce da jaki, aka yi sallama, Malam Salisu ya amsa kamar ba komai. Sannan ya ɗauki fartanyar, ya buga gindin ƙotar a ƙasa sau uku don ta zauna, ya duba, ya sake bugawa.

"Yaushe za su karanta?"

"Bayan Salla. In an aika. In kun ce a bari, sai in yaga, Baba. Dama..."

"Uwata, wace dawa nike nomawa?"

Tambayar ta zo mata a bazata. "Farfara."

"Tun ina saurayi. Ubana ma ita ya noma. To a shekaran nan na ci jan tuwo ya fi sau ashirin a gidan nan. Duk Darini mutum ɗaya ke noma jar dawa, ga gidanshi nan." Ya nuna katangar Jafaru da haɓa. "Wata rana kuma tuwon gero mai ƙanshin hayaƙi, na gidan maƙera, don su a ɗakin girki suke ajiye damminsu. Zan dawo daga Batsari ban samo ko ƙwaya ba, a ajiye mini akushi. In buɗe, in gani, in yi bisimilla."

"Ba ku taɓa tambaya ba?"

"In tambayi mi? In ta faɗa mini, sai na je na yi godiya. In na yi godiya, mazansu sun ji. Na ci na yi shiru, ita ma ta yi shiru. Har ta koma ga Allah ba mu yi zancen ba."

Ya ajiye fartanyar, ya goge hannu a riga.

"Maganar da nike yi a dandali kuwa, ƙarya na yi? An fasa daka?"

"Ba a fasa ba."

"To." Ya ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba. "Na dai bar su su fahimci abin da suka fahimta. Na ji daɗinta kuwa, ba zan ɓoye miki ba. Mutum in ba shi da kome, yana son ya samu abin faɗa."

Shafa'atu ta fara ninke takardar ƙanana-ƙanana.

"Wancan makon ina zaune aka karanta ta mutumin birni," ya ci gaba. "Wai tana korar mutane daga ƙofar gida. Jama'a suka ce, ashe. Har wani ya dube ni ya ce, Malam Salisu, ashe haka gidanka yake da tsaro. Aka yi dariya, ni ma na yi. Na dawo nan na kasa cin tuwo. Matar da ko kare ya leƙo sai ta jefa mishi ɗan ƙanzo. Shekara huɗu tana kwance, a ce da ita marowaciya, duniya na ji, ni kuma ina riƙe da 'yar maganata."

Ya miƙo hannu. Ta ba shi takardar. Ya buɗe ta, ya juya ta sama da ƙasa, ya duba layukan da ba ya iya karantawa, ya mayar mata.

"Aika."

"Baba, a dandali fa..."

"Za su yi wata guda suna yi da ni. Jafaru zai fi kowa. In an yi ruwa kowa ya kama gonarshi." Ya ɗauki wuƙarsa. "Shaidar aure kuwa dama na gaji da tashi da zama."

Ta san ba haka ba ne.

"Gyara biyu za ki yi. Hansai kawai kika sa, kamar wadda ta faɗo daga sama. Ki sa Hansai 'yar Sahabi, mutuniyar Zakka, don danginta su ji. Sannan ki sa matar Salisu mai fartanya, na Darini. Mu uku ne Salisu a garin nan, kar a ɗora wa wani abin da bai ci ba."

"Su Gwaggo fa? In ƙara abin da suka yi?"

Ya dube ta sosai. "Ashe ta nan kika biyo." Ya girgiza kai. "A'a. Mazansu na da rai. Nawa na ba ki, nasu ba nawa ba ne. Tashi ki shiga ciki, ki ga abin da za a ci."

Washegari da sassafe, bayan ta yi salla, ta nemi sabon falle a gidan liman, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta ɗora shi a bayan faranti. Ta kwafe wasiƙar a hankali, harafi bayan harafi, ta sa gyara biyun a inda aka ce. Ta yi wa babanta sallama yana ɗaure akuya, ya ce ta gaida mai rediyo. Ta bi wasu mata masu kai nono har Batsari. A gidan waya ta sayi ambulan da kan sarki, ta roƙi akawun ya rubuta mata adireshin, don nata rubutun gangarawa yake. Ya rubuta, ya tambaye ta ko gaishe-gaishe ne na zaɓi sonka. Ta ce e. Ta liƙe bakin ambulan ɗin, ta tura shi cikin akwatin, sannan ta tsallaka titi ta tsaya jiran motar Safana.